Wa Ke Yi Mata Kiɗa?

Motar babana ta girme ni da shekara talatin,
shuɗiya, fentinta ya koɗe kamar zanen gado.
Bayan rasuwarsa wata biyu ta yi a rumfa.
Ran da na fitar da ita,
daga Binyales zuwa Pinar del Riyo,
ɗauke da masu tsinkar ganyen taba da kajinsu,
allura na taɓa sittin
sitiyari ya kama rawa.

A Kuba ba a tambayar mai rawa dalili,
amma wannan babu ganga, babu makaɗi.
Haƙorana na karo, madubi na kaɗawa,
Gwaggo Odalis a baya tana kiran waliyyai ɗaya bayan ɗaya.

Na kai ta wurin Nemesiyo,
gindin mangwaro, bayan gidan burodi.
Tsoho ne, shi ma hannunsa karkarwa yake,
kofin gahawa sai ya tallafe da biyu.
Bai ko ɗaga bonet ba. Ya ce, "Zauna, Yanelis.
Ruwa ba ya tsami banza.
Ina kike jin ta, a tafi ko a mazaunai?"
Na ce a tafi.
"To, gaba ne. Da kujera ce, da mun tuhumi farfela.
In kin taka birki tana ƙaruwa?"
A'a.
"Birki ya kuɓuta. In kin haura tamanin fa?"
Sai ta lafa.
Ya gyaɗa kai kamar alƙalin da ya gane ɓarawo
amma yana jira shaidu su gama.

Ya sa jak, ƙafar hagu ta rabu da ƙasa.
Ya bi notuna biyar da sifana, kowanne daram.
Ya kama taya sama da ƙasa ya jijjiga, boris shiru.
Ya kama dama da hagu, tayarod bai tanka ba.
Ni abin da na lura,
da tafinsa ya sauka kan roba
karkarwar nan ta ɗauke cak,
kamar kukan jariri ya ji bayan uwa.

Ya wulwula ta, ya kafa alli a gefe,
ko ta yi ƙari, ko wili ya lanƙwashe.
Layi ya zagayo sak.
Dalma na nan inda babana ya manna ta.
Sai ya sake ta, ta tsaya don kanta.
Sau uku, gefe guda ke komawa ƙasa.
Ya ce, "Tana ɗauke da nauyin da ba nata ba."

Ya kwance, ya kife ta.
Can cikin wili, inda ido ba ya kai,
jar laka ta bushe, curi kamar dunƙulen hannu.
Ya ɓantara, ya murje, ya sunsuna.
"Wannan ba ta kwalta ba ce. Ina kika shiga?"

Na sani.
Hanyar maƙabarta, ranar da ruwa ya ƙi tsagaitawa,
akwatin a kujerar baya, ƙofa ɗaure da igiya.
Nan ta kafe.
Maza shida suka tura, laka har gwiwa,
ni ina riƙe da sitiyari, ban ganin gabana.

Ya kankare da sukudireba, ya wanke da bokiti biyu.
Kuɗi ya ƙi karɓa.
Ya ce shekara goma sha ɗaya babana na bin sa wata sifana,
yau an biya.

A hanyar gida na taka.
Sittin, saba'in,
sitiyari kwance kamar ruwan randa.
Curin na ƙulle a hankici, yana aljihuna.
Sai a kwanar Los Hasmines na ga
hannuwana ne ke yi yanzu.
Na gangara gefe, na kashe inji,
na ɗora tafi kan roba mai ɗumi
yadda na ga tsohon ya yi,
ina jira.